Bayan Digirin Kimiyyar Kwamfuta: Rubuta Manhaja, Koyarwa ko Bincike? Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa daga bakin ɗaliban ajin ƙarshe, da 'yan bautar ƙasa, da waɗanda suka gama suna zaune a gida da takarda a hannu. An fara da na sama-sama kafin a shiga masu zurfi. Amsoshin sun fi shafar tsarin Najeriya, amma inda na Nijar ya sha bamban an ɗan taɓo shi.

Na gama digirin kimiyyar kwamfuta. Wane aiki ne takamaimai a gabana?

Manyan hanyoyi uku ne: ka rubuta manhaja a biya ka, ka koyar, ko ka shiga bincike. Akwai wasu a gefe, kamar kula da kwamfutoci da layukan sadarwar ofis, tsaron bayanai, ko aiki a cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015. Amma tambayoyin da ke ƙasa a kan ukun farko suke.

Kowace daga cikinsu tana neman shaidar da takardar digiri ba ta ɗauke da ita. Kamfani zai ce ka nuna abin da ka gina. Makaranta za ta ce ina takardar koyarwa, sannan ta tsayar da kai gaban aji ta gani da idonta. Mai ba da gurbin digirin digirgir zai ce me ka rubuta, wa ya karanta. Gani ya kori ji. Saboda haka duk hanyar da ka ɗauka, aikinka na shekarar farko shi ne tara abin da za ka iya nunawa.

Na gama da sakamako mai kyau amma ba na iya rubuta manhaja daga farko zuwa ƙarshe. Laifina ne?

Ba naka kaɗai ba ne, kuma ba kai kaɗai ne a haka ba. Ɗalibai da yawa sun rubuta Java ko C++ da biro a takardar jarrabawa fiye da yadda suka rubuta su a kwamfuta. Aji ya cika maƙil, kwamfutocin ɗakin gwaji ba su kai ko'ina ba, wuta kuma sai ta ga dama. Ga yajin aikin ASUU da ya cinye kusan wata tara a 2020, ya ƙara cinye wata takwas a 2022, aka dawo ana gudu da manhajar karatu don a cike gurbi. Wata shidan SIWES da aka ware don koyon aiki, wasu sun ƙarar da shi suna ɗaukar hoton takardu a ofis. Aikin kammalawa kuwa, kowa ya san akwai shagunan bakin makaranta da ke sayar da shi a ɗaure, har da babi biyar ɗinsa. Mai irin wannan tarihin kamar tela ne da ya haddace sunan kowane ƙarfe na keken ɗinki amma bai taɓa yanka yadi ba.

Sai dai kada ka raina abin da ka karanta. Darasin tsara bayanai da na algoridim, da na rumbun bayanai, da lissafin nan da ka tsana a aji biyu, su ne za su fifita ka a kan wanda ya koyi kodin, wato rubuta manhaja, a wata uku, ranar da manhaja ta fara nauyi aka rasa dalili. Abin da ya rage maka hannu ne, kuma hannu da aiki ake samunsa.

Ka nemi wata matsala ta gaske a kusa da kai. Islamiyyar unguwarku tana lissafin kuɗin wata a littafi. Mai kemis yana mance maganin da ya kusa lalacewa. Ƙungiyar adashin su Inna tana rigima a kan wa ya zuba wa bai zuba ba. Ka gina ƙaramin abu da zai warware ɗaya, ka miƙa musu su yi amfani da shi. A satin farko za su nuna maka kurakuran da babu malamin da zai nuna maka. Ka gyara, ka ɗora aikin a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kodin, tare da bayanin yadda ake kunna shi. Irin wannan guda biyu ko uku sun fi satifiket goma na kwasa-kwasan intanet.

Wane yaren kwamfuta zan riƙe?

Ya danganta da inda ka dosa. Mai son shafukan intanet ya riƙe JavaScript da SQL. Mai son nazarin bayanai ko bincike ya riƙe Python. Mai son manhajar waya ya duba Kotlin ko Flutter, tun da Android ce a hannun yawancin mutanenmu. PHP ma har gobe ana cin abinci da ita, musamman a shafukan makarantu da ma'aikatu.

Abin da ke kashe matasa shi ne tsalle-tsalle: wannan watan Python, wata mai zuwa an ga bidiyo an koma wani. Ka zauna a kan ɗaya har ka gama aiki cikakke da shi. Na biyu ba zai ba ka rabin wahalar na farko ba.

Laftof ɗina tsohuwa ce, ga matsalar wuta da data. Zan iya kuwa?

Za ka iya. Koyon kodin ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Ta hannu mai RAM 8GB ta wadatar, kuma batirinta ya fi saurinta muhimmanci a wurinka. Ka sauke darussa da dare lokacin da data ke araha. CS50 na Jami'ar Harvard da freeCodeCamp kyauta ne. In aikin ya kai ga horar da ƙirƙirarriyar basira, Google Colab da Kaggle suna ba da aron kwamfuta mai ƙarfi ta intanet, gwargwado.

Akwai kuma wuraren zama masu wuta da intanet, kamar CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano da Blue Sapphire Hub a Kano. Ribarsu ba wutar kaɗai ba ce. A can ne za ka ji labarin aiki kafin a tallata shi.

An tura ni koyarwa a bautar ƙasa. Shekarar ta tafi a banza ke nan?

A'a, sai in kai ka bar ta. Bayan sati ukun sansani, yawancin 'yan bautar ƙasa makarantu ake tura su, kuma kusan kullum ana tashi kafin la'asar. Yamma da dare naka ne, ga alawus da aka fara biya naira 77,000 a 2025 maimakon 33,000. Da wuya ka sake samun shekarar da ake biyanka alhali kana da wannan sarari. Ka yi ayyukan da aka ambata a amsa ta biyu a cikinta.

Koyarwar kanta riba ce. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 60 yana fahimtar da su abin da ake nufi da madauki a kodin, wato umarnin da ke maimaita aiki, ba kwamfuta ko ɗaya a ajin, sai allo da alli, to ya koyi bayani. Ranar intabiyu, ko ranar kare kundin digiri na biyu, wannan baiwar ce za ta ɗauke shi. Kafin ka bar makarantar ka karɓi takarda daga shugabanta mai nuna darasin da ka koyar da azuzuwan da ka riƙe.

Ina son koyarwa a sakandare a matsayin sana'a. Digirina ya isa?

A doka bai isa ba. Hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana neman takardar fannin ilimi. Wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne sai ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ko a tsangayar ilimi ta wata jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, sannan ya zauna jarrabawar TRCN. Makarantun kuɗi da yawa suna ɗauka ba tare da ita ba, amma albashinsu sai addu'a, kuma ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai, mai takardar ne a gaba.

Malamin kwamfuta a sakandare yakan zama shi ne mai rajistar WAEC da NECO, mai buga sakamako, mai gyaran firinta. Ka karɓi wannan da hannu biyu, amma ka mayar da shi aiki mai suna: ka gina wa makarantar manhajar fitar da sakamako, ka rubuta shi a takardar tarihin aikinka.

Yaya ake zama lakcara a jami'a?

Matakan sanannu ne. Mai digirin farko da ya fita da daraja ta ɗaya, ko 2:1 mai ƙarfi, ana iya ɗaukarsa a matakin ƙasa, ya riƙa taimaka wa manya a ɗakin gwaji da duba takardu yana karatun mastas. Mai mastas yana shiga a matsayin mataimakin lakcara. Mai digirin digirgir yana farawa daga lakcara mai daraja ta biyu. Daga nan sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Ba a hawa da daɗewa kawai. Kowane mataki yana da adadin maƙalun da za ka gabatar, kuma a manyan matakai ana aika ayyukanka wa masana na waje su auna. A Nijar, inda ake bin tsarin lisans shekara uku, masta biyu, dokta uku, hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu ce ke tantance ƙarin girman malaman jami'a.

A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu da ya ware fannin kwamfuta a matsayin babban fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsaron intanet, kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja. Sassa sun ƙaru, ana neman masu koyar da su. Kada kuma ka manta da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Su ma suna ɗauka, kuma malamansu na cikin masu cin gajiyar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati.

Gaskiya ɗaya: in kuɗi ne gabanka, lakcarin ba nan ba ne. Ƙwararren mai rubuta manhaja a kamfani mai ƙarfi yana iya ɗaukar abin da ya fi na babban lakcara. Masu zama a jami'a suna zama ne don son aji, da sararin bincike, da damar ƙaro karatu.

Da 2:2 na fita, ko kuma HND gare ni. Ƙofar ta rufe?

Ta kamfani ba ta rufe ba ko kaɗan. Masu ɗaukar marubuta manhaja sun fi duba aikin hannu da gwajin da za su ba ka. Ta jami'a ce ta ɗan ƙuntata. A ma'aunin maki biyar, 2:1 tana farawa daga 3.50, daraja ta ɗaya daga 4.50. Jami'o'i da dama suna karɓar mai 2:2 a mastas, wasu da sharaɗin maki. Mai daraja ta uku da mai HND yawanci sai sun bi ta PGD, wato diflomar share fagen mastas. Sakamako mai kyau a mastas, tare da maƙala ɗaya ta kirki, yana rufe abubuwa da yawa na baya.

Mene ne bincike a wannan fanni? Ba gina manhaja ba ne?

Nan ne ake yawan ruɗewa. Gina manhajar rajistar ɗalibai aiki ne mai amfani, amma ba bincike ba ne, don an gina dubbanta kuma babu sabon abin da aka sani bayan ka gama. Bincike yana farawa da tambayar da ba a san amsarta ba, ya bi hanyar da wani zai iya maimaitawa, ya auna sakamako da na waɗanda suka gabata. In ka ce hanyarka ta fi, za a ce ta fi wacce, da nawa, a kan waɗanne bayanai.

Ga Bahaushe kuwa akwai fili a buɗe a bakin ƙofarsa, wato koya wa kwamfuta Hausa. Google Translate ta saka Hausa tun 2013, amma har yau inji yana tuntuɓe a kan abubuwan da ɗan firamare ya sani. Mutane suna rubutu a waya ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. Ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Ana cakuɗa Hausa da Turanci a Kano, da Faransanci a Maraɗi da Damagaram, a jimla guda. Sakkwatanci daban, Kananci daban. Ga tarin rubuce-rubucen ajami da babu injin da ke karanta su yadda ya kamata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri, kuma mai bincike a Amurka ba zai fi ka kunnen gane kuskuren ba.

An riga an share hanya. Ƙungiyar Masakhane, da ta taso a 2019, tana haɗa masu bincike a kan harsunan Afirka, kuma kowa na iya shiga ta intanet. Ƙungiyar HausaNLP, wadda Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na cikin jagororinta, ta taka rawa a aikin NaijaSenti na 2022, inda aka tattara saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Pidgin aka tantance masu yabo da masu suka, sannan a AfriSenti na 2023 da ya ƙunshi harsuna 14. Wasu matasan da sunansu ya fito a irin waɗannan maƙalu da aikin tantance bayanai suka fara. Shirin Common Voice na Mozilla ma yana karɓar muryoyin Hausa. Wanda harshe bai dame shi ba, ga gano cutar shuka daga hoton ganye, ga tsaron kuɗin waya, ga bayanan asibitoci.

Wata mujalla ta ce in biya kuɗi ta buga maƙalata cikin sati guda. In biya?

Kada ka biya. Mujallar kirki tana aika maƙala ga masana su duba, su dawo da gyare-gyare, wani lokaci su ƙi ta. Wannan yana cin watanni. Wadda ke turo maka saƙon yabo ba ka san ta ba, tana buga noma da shari'a da kwamfuta a fitowa ɗaya, kuɗinka take so. Illar ba asarar kuɗin kaɗai ba ce. Farfesan da kake nema ya ɗauke ka a waje, da ya ga sunanta a takardarka, ya gama yanke hukunci.

Ka duba ko mujallar tana cikin Scopus, rumbun mujallun da aka tantance, ka duba ko mutanen da kake karanta ayyukansu suna bugawa a cikinta. Ka sani kuma a kimiyyar kwamfuta manyan taruka, irin na ƙungiyoyin masana na ACM da IEEE da ACL, suna da nauyin da ya kai na mujalla ko ya fi, ko da yake kwamitocin ƙarin girma a wasu jami'o'inmu sun fi ba mujalla maki. Ka buɗe ORCID da Google Scholar, shafukan da ke tattara maƙalun mai bincike a ƙarƙashin sunansa, tun maƙalar farko. Kwafe aikin wani kuwa, manhajar Turnitin na kama shi, kuma tabon ba ya gogewa.

Mastas a gida ko a waje? Wa ke ɗaukar nauyi?

Na gida, a ABU Zariya ko BUK ko ATBU Bauchi ko FUT Minna, ya fi sauƙin kuɗi kuma kana iya haɗa shi da aiki. Matsalarsa jan lokaci: shirin wata 18 yakan kai shekara uku ko fiye. Kafin ka nemi gurbi ka tambayi ɗaliban sashen wane malami ne ke karanta babi ya dawo da shi a kan kari. Zaɓen mai duba aiki ya fi zaɓen jami'a.

Na waje yana buƙatar tallafi. Akwai na Commonwealth, akwai na PTDF ga fannonin da suka shafi mai da gas, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ma ta sha bayarwa. A cikin Afirka akwai reshen Jami'ar Carnegie Mellon a Kigali, da shirin AMMI na cibiyar AIMS da aka fara a 2018 don ƙirƙirarriyar basira. TETFund ta malaman manyan makarantun gwamnati ce kawai, kuma daga farkon 2025 ta dakatar da tura sababbi waje, ta karkata ga karatun gida. Digirin digirgir a Turai da Amurka sau da yawa da albashinsa yake zuwa, daga kuɗin binciken farfesa, shi ya sa maƙalar kirki da aka yi magana a sama take da tasiri. Taron Deep Learning Indaba, da aka fara a 2017 a Afirka ta Kudu, wuri ne da ake haɗuwa da irin waɗannan farfesoshi, kuma yana ba ɗalibai tallafin halarta.

Dole sai na zaɓi ɗaya? Ba a haɗa ukun?

Ana haɗawa, kuma waɗanda suka yi nisa da yawa sun ratsa fiye da ɗaya. Isa Ali Pantami ya karanta kimiyyar kwamfuta a ATBU, ya koyar a can, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Robert Gordon da ke Aberdeen, kafin ya shugabanci NITDA a 2016 ya zama minista a 2019. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya gaje shi a NITDA, shi ma ɗan ATBU ne, amma ta Galaxy Backbone da Babban Banki ya biyo.

Ukun suna ciyar da juna. Lakcaran da bai taɓa gina abin da mutane suka yi amfani da shi ba, ɗalibai suna ganewa tun satin farko. Mai binciken da hannunsa bai faɗa a kodin ba kullum yana jiran wani ya gudanar masa da gwaji. Sai dai ba a lokaci guda ake ɗaukar su da nauyi ɗaya ba. Ka sa ɗaya ya zama mai ciyar da gida, ɗaya na yamma da ƙarshen mako, na ukun ya jira lokacinsa.

Ni mace ce, kuma ba lallai a bar ni in koma Legas ko Abuja aiki ba. Ina mafita?

'Yar'uwa, wannan fanni yana cikin 'yan kaɗan da ake yinsu daga ɗaki. Rubuta manhaja, nazarin bayanai, tantance bayanan Hausa, duk ana yi daga nesa in akwai sola da intanet mai ƙarfi. Amma aikin nesa na farko yana da wuyar samu ga kowa, don haka ki fara da na kusa kamar yadda aka bayyana a amsa ta biyu. Makarantun 'yan mata suna matuƙar neman malamar kwamfuta, kuma iyaye da yawa sun fi sakin jiki su turo 'ya'yansu mata ajin kodin in mace ce ke koyarwa. In maganar aure ta taso ana tsakiyar mastas, a yi maganar karatun a fili tun kafin a sa rana.

Yaya zan rubuta tarihin karatuna da aikina?

Takarda biyu za ka yi, ba ɗaya ba. Ta kamfani shafi ɗaya ko biyu: ayyukan da ka gina a sama, da adireshin da za a latsa a gani, da abin da kowanne ya warware. Maimakon ka jera yaruka tara, ka rubuta cewa ka gina manhajar sakamako da makaranta kaza ke amfani da ita. Ta jami'a kuwa tana iya tsawo: karatu, taken kundi da sunan mai duba shi, darussan da ka koyar, maƙalu, taruka, da malamai uku da za su tsaya maka. Ka nemi izininsu kafin ka sa sunansu. Kada ka rubuta yaren da ba za ka iya amsa tambaya a kansa ba, don daga nan mai intabiyu zai fara.

Sai na yi rajista da CPN?

CPN ita ce hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa rajistar ƙwararrun kwamfuta a Najeriya. Kamfanoni masu zaman kansu ba su cika tambaya ba. Mai neman aikin gwamnati, ko koyarwa a babbar makaranta, ko kwangila, gara ya yi.

Tun da ChatGPT na rubuta kodin, akwai sauran amfanin koyo?

Akwai, amma ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su sun ragu tun fitowarsa a ƙarshen 2022, babu amfanin ɓoye wannan. Injin yana rubutu da sauri, yana kuma yin kuskure da cikakken ƙarfin hali. Wanda ake biya yanzu shi ne mai iya karanta abin da ya fitar ya ce nan akwai ɓaraka, nan bayanan mutane za su fita, nan zai tsaya in masu amfani suka kai dubu. Lokacin koyo, ka fara gwada matsalar da kanka, sannan ka tambaye shi ya bayyana maka inda ka karkace. In kai malami ne, ka daina dogaro da aikin gida kaɗai: ka kira ɗalibi gaban kwamfuta, ka ce ya canza layi biyu a abin da ya kawo, ya faɗi abin da zai faru kafin ya kunna.